Hawan Kibo

Hawan Kibo wani dogon hawa ne mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan hanyar Akwanga zuwa Jos, cikin Ƙaramar Hukumar Riyom ta Jihar Filato. A nan ne hanya ke barin kwari ta haye bisa tsaunukan Jos, birnin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Matafiyin da ya taso daga Keffi sai ya miƙa gabas zuwa Akwanga, ya ratsa Gwantu, kafin ya iso gindin hawan.

A gindin ne Mafaɗar Ruwan Assop take, inda ruwa ke zubowa tsakanin duwatsu da itatuwa masu duhuwa. Masu yawon buɗe ido kan yada zango a wurin, su taka da ƙafa zuwa bakin ruwan.

Ga mai keke, hawan ba wasa ba ne. Da yawa sukan sauka su tura, gumi na ɗiga, iska kuma tana ƙara sanyi yayin da ake ɗagawa sama. Gangarowa ta fi haɗari, domin tireloli da tankokin mai kan tsinke birki a kwanoni, kuma wurin ya yi ƙaurin suna wajen haɗurra. Da hunturu hazo kan rufe hanyar da sassafe, da damina kuwa kwalta takan yi santsi. Mai keke ya duba birkinsa tun daga sama, kuma kada ya yarda dare ya riske shi a hawan.