Stephen Keshi: Daga Tsaron Baya Zuwa Horar da 'Yan Wasa

A tsarin ƙwallon ƙafa, mai tsaron baya shi ne ɗan wasan da ke tsayawa gaban mai tsaron gida domin tare hare-haren abokan karawa, kuma da yake fili duka yana gabansa, shi ne yawanci ke tsawata wa 'yan'uwansa yana gyara musu tsayuwa. A wannan gurbi Stephen Keshi, wanda aka haifa a 1962, ya yi suna a New Nigeria Bank ta birnin Benin, kafin ya koma Stade d'Abidjan, sannan ya wuce Beljiyam a 1986, inda ya taka leda a Lokeren da Anderlecht. Tafiyar tasa ta buɗe wa matasan Najeriya ƙofar Turai, har ta kai yawancin fitattun tawagar da ya jagoranta a matsayin kyaftin, wadda ta doke Zambiya da ci 2-1 ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994, 'yan ƙungiyoyin waje ne.

Da ya zama koci, wato mai horar da 'yan wasa, ya kai Togo gasar kofin duniya ta 2006 a karon farko a tarihinta, ko da yake an sallame shi kafin a fara gasar, daga bisani ya riƙe Mali, sannan aka damƙa masa Super Eagles a 2011. A nan ne ya juya akalar al'adar da shi kansa ya taimaka wajen kafawa, domin ya riƙa gayyato 'yan wasan gasar cikin gida, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon 'yan cike gurbi. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya nasara a kan Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013, abin da ya sa Keshi ya bi sahun Mahmoud El-Gohary na Masar wajen ɗaukar kofin yana ɗan wasa, ya kuma ɗauka yana koci.

Arewa ma ta amfana da wannan manufa, domin Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na Kano Pillars suna cikin tawagar da ta zo ta uku a gasar CHAN ta 2014, wadda aka keɓe wa masu wasa a ƙasashensu. Ga matashin da ke buga ƙwallo a filin makaranta a Funtuwa ko Malumfashi bayan an taso daga gona, wannan ya nuna cewa ana iya sanya rigar ƙasa ba tare da an tsallaka teku ba. Keshi ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016, yana da shekara 54.