Gwani a Bakin Ƙofar Aji: Tarihin Koyon Zane Daga Sifawa Zuwa Zariya

Duk lokacin da aka tayar da zancen tarihin koyon zane a Nijeriya, daga Ikko ake fara lissafi. A ce Aina Onabolu ya tafi Landan da Faris a 1920, ya dawo ya matsa wa hukuma lamba sai da ta yarda a riƙa koyar da zane a makarantun Ikko. A ce Bature Kenneth Murray ya iso a 1927 ya ɗora daga nan. Duk wannan gaskiya ne. Amma mu da muke nan Arewa sai mu gyaɗa kai mu wuce, kamar dai kafin waɗannan shekaru babu wanda ya taɓa zaunar da yaro a ƙasar Hausa ya koya masa yadda ake jan layi, da yadda ake haɗa launi, da yadda ake gane mai kyau daga maras kyau. Wannan lissafi ya bar rabin labarin a waje, kuma rabin da ya bari shi ne namu.

Mu fara daga kudancin birnin Sakkwato. Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan lafawar yaƙe-yaƙen jihadi, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. A 'yan shekarun nan wannan yanki ya cika da almajirai, ana karatu, ana wallafa littattafai, ana kwafe su da hannu. To, kwafar littafi ba rubutu ne kawai ba. Mai rubuta Alƙur'ani sai ya san yadda zai fere alƙalaminsa, ya dafa tawada da ƙaro, ya sa baƙi a mazauninsa, ya bi wasulla da ja, ya ɗiga hamza da ruwan ɗorawa. Sai ya zana alamar aya, da ta sumuni, da ta rubu'i, da ta hizbi, da ta sujada, kowace da irin fasalinta, a gefen shafi inda ba za ta danne rubutu ba. Idan ya gama, baduku ya ɗinka gafaka ya yi mata ado. Wannan tsari bai tsaya a manyan garuruwa ba. Har yau a ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, irin su Lambara, kamar sauran ƙasar Hausa, yaro yakan fara saba hannunsa da alƙalami a kan allo, kuma ranar sauka allon zayyana yake riƙewa.

Abin lura shi ne, wannan makaranta ba ta taɓa ƙyamar kayan baƙi ba. Takardar da aka rubuta da yawa daga littattafan ƙarni na 19 a kanta, idan aka ɗaga ta a hasken rana sai a ga alamar jinjirin wata guda uku. A arewacin Italiya ake yin ta, ta biyo ayarin raƙuma daga Tarabulus. Alharinin da ake yi wa riguna ado da shi ragowar siliki ne na masaƙun Turai, shi ma ta Sahara ya shigo, ya tarar da tsamiyarmu ta gida suka zauna a riga ɗaya. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta bi hanyar a juye, ta isa Turai inda aka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can ta ratsa. Aikin aska biyu da aska takwas ma ba na Bahaushe ne shi kaɗai ba. Da shi da Banufe suka yi ta musayarsa, har Bayarabe ya ɗauka. Sau da yawa kuma malami ne ke fitar da zanen a jikin yadin, da alƙalamin da yake rubutu da shi, sannan maɗinki ya bi da allura.

Akwai wata kalma da ya kamata mu marubuta mu tsaya a kanta, wato gwani. Mahaddacin da ya ƙware har yake rubuta Alƙur'ani da ka, gwani ake ce masa. Maginin da ya gina babban masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, wato Muhammadu Durugu, Babban Gwani ake ce masa, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Ke nan a wurin kakanninmu, mai tada bakan gizo da azara da tubali, da mai tsara shafi da tawada, ma'auni ɗaya ake auna su da shi. Ba digiri ake dubawa ba. Ana duba ko aikin ya zauna, ko ya yi tsari, ko hannun mai shi ya faɗa. Kuma babu mai kaiwa wannan matsayi sai ya yi shekaru yana kwaɓa ƙasa ko yana wanke allo a gaban wani.

Da Turawa suka zo, ba su rufe ido ga wannan ba gaba ɗaya. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nassarawa ta Kano a 1909, kuma a ciki har da sashen sana'o'in hannu. Sai dai tun daga nan aka ja wani layi wanda har yau muna fama da shi. 'Ya'yan sarakuna da malamai suna aji guda, masu koyon sana'a suna wani. Aikin hannu ya zama abin da ake tura wanda ba a sa ran zai zama ma'aikacin En'e. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malamai da ma'aikata ta yaye, ba masu zane ba. Hatta littattafanmu na farko, da Hukumar Talifi ta buga a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, hotunan da ke cikin wasunsu wata Baturiya ce 'yar Beljiyam ta zana, Jacqueline de Naeyer, wadda East ya aura daga baya. Labari na Bahaushe, hoto na baƙo, alhali a bayan ganuwa ga masu zayyana nan zaune.

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun aka kawo shi Zariya. Wannan shi ne karo na farko da babbar makarantar zane irin ta Turai ta sauka a ƙasar Hausa. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, ko da yake akwai 'yar ƙasa a cikinsu, Clara Ugbodaga-Ngu. Abin da ake koyarwa shi ne abin da ake koyarwa a Landan: zana jikin mutum yadda yake, da auna nisa da kusa, da haske da inuwa, da sassaƙa, da tarihin gwanayen Turai.

Ɗaliban ne suka fara gajiya. A 1958 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya rubuta musu manufa, wadda ya kira Natural Synthesis, ma'ana a ɗauki dabarun da aka koya daga Turai a haɗa su da fasahar gida ba tare da tilas ba, har su zama abu ɗaya. Lokacin hutu kowa ya koma garinsu yana tambayar tsofaffi. Okeke, wanda ya tashi a Kafancan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma a wurin mahaifiyarsa ya samo bakin zarensa. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya koma ga rayuwar Yarbawan Ikko. Ƙungiyar ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse da suka gama karatu, amma tasirinta ya mamaye ƙasar. Okeke ya shugabanci sashen zane na jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, Grillo ya daɗe a kwalejin Yaba, Nwoko kuwa ya shiga gine-gine har aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis a 2023.

Ga inda abin yake ba mu takaici. Waɗannan samari suna neman fasahar gida, suna zaune a garin Babban Gwani, amma a cikin fitattunsu babu Bahaushe ko ɗaya. A daidai waɗannan shekaru maginan Zariya suna cikin nasu haɗin gambizar, ba tare da sun rubuta wata manufa ba. Suna zana keke, da agogo, da mota, da jirgin sama a fuskar zaure, kusa da dagi da takobi, suna gwada siminti da fenti a inda dā makuba ce. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963. Ɗaliban sun ga wannan, wasunsu ma sun zana shi. Jimo Akolo, ɗan Egbe da ya yi karatu a Keffi, wanda bai zauna cikin ƙungiyar ba, ya yi fice wajen zana makaɗa da mahaya dawakin Arewa. Amma Bahaushe a nan abin zanawa ne, ba mai koyarwa ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yaranmu da suka kai matakin kwaleji a shekarun 1950 ba su da yawa, kuma gwamnatin Jihar Arewa tana jiransu da kujerun mulki. Ga kuma maganar surar mai rai, wadda malamanmu suka daɗe suna tsawatawa a kanta. Uban da ya ji cewa a ajin nan ana sassaƙa mutum-mutumi, da wuya ya sa albarka. Sai dai a ganinmu babban laifin na manhaja ne. Da ta ɗauki zayyana, da tsarin rubutu, da adon bango a matsayin zane na sosai, ba sana'ar kasuwa ba, da wannan uban bai sami abin ƙi ba.

Inda aka gwada buɗe wa gwanin gida ƙofa shi ne tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu. Michael Cardew, maginin tukwane daga Ingila, ya ga tulunan wata Bagwariya, Ladi Kwali, a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, suka ƙayatar da shi. Ya buɗe cibiyar koyon ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954. Ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da gashi mai tsananin zafi, su kuma suka koyi yadda take tada tulu da hannu tana zagaya shi, tana zana kada da ƙadangare da kunama a jikinsa. An kai aikinta Landan, ta zagaya Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Amma a duba abin da ya sami tulun. Da aka shafa masa sinadarin ƙyalli aka gasa shi ya zama kamar dutse, sai ya yi nauyi, ya daina tsatsafo, wato ya daina sanyaya ruwa. Ya ƙara kyau a idon mai saye a Landan, ya rasa abin da matar ƙauye ke kira kyan tulu. Wanne ne kyan na gaskiya? Masana har yau ba su daina gardama a kai ba, mu ma ba mu ga dalilin da zai sa a yi saurin rufe ta ba.

Bayan kwalejin Zariya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an sami masu waiwayen birni. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane a can daga 1967 zuwa 1979, ya bi maɗinka da masu zanen riguna da huluna gida-gida, ya tattara ayyukansu, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Aiki ne mai daraja, don ya rubuta sunayen mutanen da dā ba a ambatarsu. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka yi wa masallacin Babban Gwani sabon gini na siminti aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a ciki.

Mu da alƙalami ne sana'armu, wannan tarihi ya taɓa mu ta wata fuska da ba kowa ya lura da ita ba. A 1962 Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya fitar da An African Night's Entertainment, labarin da duk wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East zai gane zubinsa nan take. Wanda ya yi wa littafin Ekwensi hotuna shi ne Bruce Onobrakpeya. Labarin ƙasar Hausa ya fita cikin Turanci, da zanen ɗan Urhobo da ya koyi aiki a Zazzau, ya shiga makarantun ƙasashen Afirka da dama. Da adabin kasuwar Kano ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1980, marubutanmu da ke buga littafi da kuɗin aljihunsu ba su nufi jami'a neman mai zanen bango ba, ba su kuma nufi masu zayyana ba. Masu rubuta allon shago da masu fentin bayan mota suka samu, daga baya aka koma ga hotunan 'yan fim, sannan kwamfuta ta karɓe aikin.