Daga Ƙahon Wanzami zuwa Awon Jinin Ƙafa a Musawa

A Musawar da na tashi, idan ƙafar manomi ta yi sanyi ko gyambo ya ƙi warkewa, wanzami ake kira. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya ce mataccen jini ne. Dattawanmu sun gane matsalar jini ce, sai dai ba su san ciwon suga na toshe jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ba. Tsagar da aka yi don neman sauƙi, ita ke zama sabon ciwo, har ta kai ga yanke ƙafa.

Awon da asibiti ke yi yau ya samo asali a 1950, lokacin da likitan Amurka Travis Winsor ya kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na dantse. A waɗancan shekarun kuma Shigeo Satomura na Japan ya fara sauraren gudun jini da na'urar Doppler. Ana raba awon ƙafa da na hannu. In sakamakon ya gaza 0.9, hanyar jini ta tsuke.

Ko babu na'ura, na ga malamin asibiti ya sa tsoho ya tuɓe takalmi, ya ɗora yatsu a bayan ƙafarsa da gefen idon sawu yana laluben bugun jini, ya leƙa tsakanin yatsu ko ƙaya ta kwanta. Wannan dubawar nake roƙon duk mai suga ya nema, a Malumfashi ko Funtua, tun kafin damina ta tura shi gona.