Daga dandali zuwa takobi: kokowa da masu ita a ƙasar Agiye, Gazawa da Gidan Runji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a Nijar a kwanakin gasar takobi ya san babu wasan da ke tsai da harkokin jama'a kamar kokowa. Kasuwa takan yi sanyi, ma'aikata su kewaye akwatin radiyo ko tele, ƙauye da birni su koma zance ɗaya. A wannan maƙala za mu duba tarihin wasan ta fuskar tambaya guda, wato: ɗan kokowa na wane ne? Wa yake wa kokowa, wa ke ciyar da shi, kuma wa ke jin kunya idan ya faɗi? Mun zaɓi gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji na jihar Maraɗi domin ƙasa ce ta manoma, irin wadda ake renon ƴan kokowa a cikinta, alhali sunanta ba ya fitowa a ranar naɗin sarki. Ra'ayinmu shi ne, daga 1975 zuwa yau ɗan kokowa ya sauya iyayen gida sau biyu: daga gari zuwa gwamnati, sannan daga gwamnati zuwa masu kuɗi. Kowane sauyi ya ɗaukaka wasan, amma kuma ya ƙara nisanta shi da dandalin da ke haifar da shi.

1. Ƙasar da mutanenta

Wannan yanki tsohuwar mahaɗa ce ta Katsinawa da Gobirawa. Bayan jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina da suka rasa birninsu sun kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Runji. Gazawa tana kan tsohuwar hanyar fatake daga Tasawa zuwa Katsina, kuma ta nan Heinrich Barth ya bi a watan Janairu na 1851. A tsarin mulkin zamani, an yanke Agiye daga Tasawa a 1972, a shekarar da aka raba ƙasar Maraɗi aka fitar da Gidan Runji da Madarunfa. Ita kuwa Gazawa sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta.

Abin da ya shafi batunmu a nan shi ne, ƙarni na 19 zamani ne na hare-hare, wanda a cikinsa ƙarfin samari yake garkuwar gari. Bayan zuwan Faransawa yaƙi ya ƙare, mutane suka bazu cikin daji suna sarar sababbin gonaki, noman gero da gyaɗa ya bunƙasa. Ƙarfin da a da ake nunawa a fagen daga sai ya rage a wurare biyu: gona da dandali.

2. Kokowar gari

A tsarin gargajiya kokowa wasan kaka ce. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, sannan makaɗa ke buga ganga. Wannan lokaci yana da dalili a fili: a lokacin ne ake da abincin saukar baƙi, kuma a lokacin ne samari ke da hutu da ƙoshi. Shekarar da damina ta yi gardama, dandali ma yakan yi shiru.

Samarin wani gari sukan tashi da makaɗansu su nufi wani gari, a sauke su, a ba su fura da tuwo, da yamma ko da farin wata a kafa da'ira. Yara ke buɗe fage, sai matasa, sai a ƙarshe manyan ƙarti. Ɗan kokowa yakan fito da walki, da layu da guraye a damtse da ƙugu, ya yi kirari ya ambaci garinsu da ubangidan da ya koya masa, sannan ya nemi abokin karawa. Dattawa da tsofaffin ƴan kokowa su ne alƙalai, kuma su ke raba kokowar da ta ƙi ƙarewa.

A wannan tsari amsar tambayarmu a sarari take: ɗan kokowa na gari ne. Shi ne saurayin da ke gaba a ranar gayya, sarkin samari ya san shi, ƴan mata sun san shi, kuma sau da yawa ta dandali yake samun matar aure. Kyautar da ake yi masa, ko goro ce, ko zane, ko ƴan kuɗi, ba ta zama a hannunsa, domin makaɗa da maroƙa da malamin da ya yi masa addu'a duk suna da rabo. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya nuna yadda kyauta take a matsayin ginshiƙin zaman jama'a a wannan ƙasa: mai bayarwa yana sayen suna, mai karɓa yana ɗaukar nauyi. Kokowar gari wani reshe ce na wannan musaya. Idan gwarzo ya yi kaye, gari ne ya yi. Idan ya sha ƙasa, gari ne zai jira baɗi ya rama.

3. Kokowar gwamnati

Fari da yunwar da suka kai matuƙa a 1973 da 1974 sun girgiza wannan tsari, kuma su ne suka share fagen juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, wanda ya kawar da Diori Hamani ya kawo Seyni Kunce. Sojojin sun rushe jam'iyya ɗaya tilo da ke akwai, don haka suna bukatar wata hanyar isa ga talakawa. Sai suka juya ga al'ada: suka farfaɗo da samariya a matsayin ƙungiyar matasa ta ƙasa, suka kuma shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975. Wanda ya lashe ta ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Kantu, kuma sunansa ne filin kokowar birnin Maraɗi ke ɗauke da shi, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa.

Gasar ta zo da abubuwan da dandali bai sani ba. Akwai alƙali mai usur, da agogo, da gargaɗi ga wanda ya ƙi kamawa, da rubutacciyar doka. Akwai filin da aka gina domin kokowa kaɗai, da kujerun manyan baƙi. Akwai kuma sarki ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, wanda ake ba takobi da doki. Gasar tana zagaya manyan biranen jihohi, waɗanda a 1975 bakwai ne, yau kuma takwas, kowace jiha da ƴan kokowa goma. Abu ɗaya da aka bari yadda yake shi ne rashin rabo bisa nauyi: ƙarami yana iya haɗuwa da ƙato, kuma wannan ne ke sa dabara ta riƙe darajarta.

Amfanin wannan sauyi ba ya ɓuya. Radiyo ya kai sunan manomi daga ƙauye zuwa kowane kunne, mawaƙa irin su Sagalo suka zama na ƙasa duka, kuma Bahaushe da Bazabarme da Babarbare suka sami fage ɗaya da ba na siyasa ba. Sai dai wanda ya tashi a wani ƙauyen Agiye ko Gidan Runji, da zarar ya tsallake zaɓen gunduma da na jiha, ya zama ɗan Maraɗi. Hukuma ke kiransa, ita ke kai shi sansanin horo, ita ke ba shi riga mai sunan jiha. Kokowar gari, wadda a da take cikakken biki, ta koma matakin farko na tsani.

4. Kokowar kuɗi

Bayan rasuwar Kunce a 1987 da taron ƙasa na 1991, samariya ta rasa ƙarfinta, baitulmali ya shiga matsi, aka kuma karya darajar CFA a Janairun 1994. Giɓin da gwamnati ta bari, ƴan kasuwa da ƴan siyasa ne suka cike shi. Maraɗi ta riga ta mallaki irin waɗannan mutane, wato alhazan da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, waɗanda suka yi arziki da gyaɗa da kuma fatauci tsakaninsu da Najeriya. Tsohuwar al'adar kyauta ba ta mutu ba, kumbura ta yi: ana shelanta sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar a lasifika, ƙasa duka tana ji. Daga baya kamfanoni, musamman na wayar salula, suka shigo da tallace-tallacensu, kuma ladan sarki ya kai miliyoyin CFA.

A wannan zamani ne kokowa ta zama sana'a ga ƙalilan. Gwarzo yana iya barin jihar haihuwarsa ya yi wa wata kokowa idan a can ne ubangidansa yake. Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi sau shida, abin da ke wuya ga wanda noma ne babban aikinsa, kokowa kuwa ta kaka kawai. Fage ya kuma buɗe zuwa waje, ta gasar ƙasashen CEDEAO da wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamban 2005. Senegal ta riga mu nisa a wannan hanya, inda masu shirya wasa ke ƙulla karawa ɗaya a kan kuɗi masu yawa, kuma ta nuna inda hanyar ke kaiwa: taurari kaɗan a sama, dubban samari a ƙasa suna jiran sa'a.

5. Halin da dandali ke ciki

Yayin da takobi ke ƙara haske, abubuwan da ke riƙe da kokowar gari suna raguwa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 a jihar Maraɗi, kuma kudancinta na cikin wuraren da suka fi cunkoso a karkarar Nijar. Gonaki sun tsuke, girbin gida da yawa ba ya kai wa wata damina, don haka da an gama kaka samari ke tafiya cin rani Katsina, Kano ko arewa wajen haƙar zinariya. Lokacin kokowa da lokacin tafiya sun zama ɗaya. Waɗanda suka rage suna da fada da shayi, da ƙwallon ƙafa, da gidajen kallon wasannin Turai. Wa'azin da ya yi ƙarfi a Maraɗi tun shekarun 1980, musamman na Izala, ya soki layu da kiɗa da cuɗanyar maza da mata, waɗanda duk suna cikin kayan dandali. A Gidan Runji kuma, tun 2019 rashin tsaron kan iyaka da kwararar ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina sun sa taron dare da tafiya tsakanin garuruwa sun zama abin shakka.

Kammalawa

Mun ga ɗan kokowa ya tashi daga hannun gari zuwa na hukuma, daga nan zuwa na mai kuɗi. Amma hukuma da mai kuɗi zaɓe kawai suke yi cikin abin da aka riga aka rena. Kafa ƙafa, da sanin lokacin kamu, da jure faɗuwa a gaban jama'a, yaro yana koyonsu ne a rairayin ƙofar gida tun kafin wani mai horo ya san da shi. Kwana goma na gasa a shekara ba za su maye gurbin wannan makaranta ba. Saboda haka muna ganin aikin da ke gaban masu bincike da hukumomin gundumomi iri biyu ne. Na farko, a ɗauki bakin tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu a Agiye, Gazawa da Gidan Runji, a rubuta garuruwan da suka fito da waɗanda suka koya musu, domin tarihin da ke hannu na sarakuna ne kawai. Na biyu, wani kaso na kuɗin da ake zubawa a makon takobi ya sauko zuwa wasannin kaka na ƙauyuka, a lokacin da samari ba su riga sun tafi ba.