Tarihin Taimakon Gwamnati ga Manoma, Yadda Aka Gan Shi Daga Kaduna

Unguwar Kanawa tana arewa da kogin Kaduna, a bakin hanyar da ta nufi Kawo ta zarce Zariya da Kano. Ba wurin noma ba ne sosai, amma ta wannan hanya motocin taki suka riƙa wucewa zuwa ƙauyuka, ta nan kuma amfanin gona yake shigowa gari. Tun da aka mai da Kaduna hedkwatar Arewa a 1917, cikin ofisoshinta aka riƙa yanke yawancin shawarwarin da suka shafi talaka mai fartanya. Abin da ya kamata a bincika shi ne, daga ina kuɗin taimakon suka fito, hannun wa kuma suka shiga.

Da fari dai, manomi shi ya fara taimakon Gwamnati. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga, aka haɗa su a 1954 suka zama hukuma guda ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi, ta saya ta hannun wakilanta, ta sayar a ƙasashen waje, ta riƙe rarar. Da wannan rara aka yi ayyukan raya ƙasa, da ita kuma aka soma raba wa manoman gyaɗa takin zamani. Watau abin da aka kira kyauta, guminsu ne ya komo musu, bayan an ɗebi kaso.

Tun a lokacin kuwa hankalin mahukunta ya fi karkata ga babbar gona. A 1949 aka buɗe aikin Mokwa da motocin noma da kuɗi masu yawa. Motoci suka kafce filin da ya fi ƙarfin masu ciran ciyawa, aikin ya rushe a 1954. Noma da shanu, wanda aka soma a 1928 bisa rancen En'e, bai ci kuɗi haka ba, ga shi kuwa ya zauna da gindinsa.

Da kuɗin man fetur suka samu, sai al'amari ya juya. A 1973 Bankin Manoma na Nijeriya ya fara aiki, hedkwatarsa a Kaduna. A 1976 masana'antar takin sufa ta Kaduna ta soma aiki, a shekarar nan kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi sayen taki da rabonsa, tana biyan kamar kashi 75 cikin ɗari na kuɗinsa. Amma fa rance sai mai jingina, taki kuwa sai mai takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sauƙaƙe wa kamfanoni da manyan ma'aikata mallakar manyan gonaki, har suka jeru a gefen hanyar Zariya. Ƙaramin manomi sau da yawa sai ya sayi takin a kasuwa daga hannun 'yan baranda, da tsada, bayan damina ta yi nisa. Wani kuma ya ƙetare iyaka zuwa Nijar.

An rushe hukumomin ciniki a 1986, an janye rangwamen taki a 1997, an maido da kashi 25 cikin ɗari a 1999. A 2012 aka gwada aika wa manomi shaidar rabonsa ta wayar hannu, don a kauce wa masu shiga tsakani.

Ko kalmomin da aka yi amfani da su abin lura ne. Rangwame ragi ne da mai saye yake gani da idonsa wajen ciniki. Tallafi kuwa, kalmar da ta fi yawa a bakin hukuma daga baya, asalinta riƙe abin da ke shirin faɗuwa. Malamin da zai koyar da wannan tarihi, ya kyautu ya sa ɗalibansa su tambayi dattawan ƙauyukansu ko nawa suka biya buhu, a wane wata kuma ya iso. Amsar da za su samu ita ce ma'aunin wanda aka tallafa.