Jirgin Ƙasa da Cinikin Gyaɗa a Kano

Jirgin ƙasa ya fara isa Kano a shekarar 1911, a zamanin Sarkin Kano Abbas, aka kuma buɗe hanyar ga fasinja da kaya a 1912. Layin dogon ya taso ne daga Baro, wani ƙaramin gari a bakin Kogin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, tafiyar mil 350 da ɗoriya. Gwamnan Arewa na wancan lokaci, Percy Girouard, shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, kuma domin wannan aiki aka turo shi a 1907. Ba a daɗe ba aka haɗe layin da wanda ya taso daga Legas, sai dai a Jebba fito ake yi da taragai a kan ruwa, har zuwa 1916 da aka gama gada.

Talakawa ne suka shimfiɗa hanyar da ƙarfinsu. Hakimai da dagatai ake umurta su tara majiya ƙarfi, a tura su aikin diga, su sare daji, su haƙa ƙasa, su ɗauki kwando a ka. Ana biyan su lada da kuɗin Turawa, amma akasarinsu ba da son ransu suka je ba, kuma wahalar ta daɗe a bakin mutanen ƙasar Nufe da Gwari da Zazzau. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma ya tsara Waƙar Diga a kan wannan al'amari.

Auduga Turawa suka sa a gaba. Masaƙun Lankasha a Ingila na neman inda za su samu auduga ban da Amurka, kuma sun ji labarin Kano ƙasar saƙa ce da rini, sai suka ɗauka da zarar jirgi ya iso, auduga za ta kwararo. Lissafin bai fita ba. Masaƙan gida da masu kaɗi suna sayen auduga da tsada fiye da yadda kamfanin Turawa zai iya biya, don haka manomi bai ga dalilin kai tasa inda za a karya masa farashi ba.

Abin da ya cika taragai shi ne gyaɗa, kuma sanadin haka ya faro ne daga ɗakunan binciken Turai. A farkon ƙarni na 20 masana haɗa sinadarai suka gano hanyar daskarar da man tsirrai ya yi kauri kamar man shanu. Nan take masana'antun man shafa wa burodi da na sabulu suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Manomin Kano kuwa ya san gyaɗa tun kaka da kakanni. Tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cin ta ko a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Auduga ba ta da wannan rangwame. Ga kuma haraji, wanda gwamnati ta koma karɓa da sulalla a maimakon wuri. A kakar 1912 gyaɗa ta yi wa tashar Kano yawa har jirgi ya kasa kwashewa, kuma a 1913 abin da Najeriya ta fitar ya kai wajen tan 19,000, alhali kafin zuwan jirgi bai taka kara ya karya ba. Yunwar da ta biyo bayan farin 1913 ta dakatar da cinikin na ɗan lokaci, ta kuma tuna wa manoma cewa rumbu na gaba da buhu. Da damina ta gyaru, gyaɗa ta dawo da ƙarfinta.

Kamfanonin Turawa suna da jari da sikeli, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi a kwana da kwanciyar hankali ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka gaji kai ayari Gwanja. Su kamfanoni suka ba kuɗi da haja, su kuma suka raba wa yaransu, yaran suka bazu kasuwannin karkara da gishiri da yadi da tsabar kuɗi, suna ba manoma tun da damina a kan za a biya da gyaɗa in kaka ta yi. Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo na cikin na farko-farko. Wanda ya fi shahara shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya fara da fataucin goro a ƙasar Gana ta yau, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, daga baya UAC, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Wannan tsari na bashi ya yaɗa noman gyaɗa da sauri, amma ya ɗaure ƙananan manoma da yawa, domin wanda ya ci kuɗin gyaɗa tun tana ƙasa ba shi da bakin ciniki ranar awo.

Kafin jirgi, Kano arewa take fuskanta. Fatu da gashin jimina da turkuɗi kan bi ayarin raƙuma su ratsa Sahara zuwa Tarabulus, tafiyar watanni. Jirgi ya mayar da Legas tafiyar 'yan kwanaki, har su kansu Larabawan Tarabulus suka koma aika kayansu ta teku. Hanyar Gwanja ma ta mutu a hankali, saboda goro ya koma zuwa ta Legas, daga baya kuma aka shiga noma shi a ƙasar Yarbawa, abin da ya haɓaka unguwannin Hausawa a Ibadan da Shagamu da Agege. A Kano kanta aka kafa Sabon Gari a 1913 domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu, Kwarori kuma suka buɗe kantuna kusa da Fagge. Jaki da raƙumi ba su rasa aiki ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, tunda su ke kawo buhuna daga ƙauye zuwa tasha kafin manyan motoci su karɓe. Da aka miƙa layi zuwa Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, garuruwa irin su Funtuwa da Gusau da Malam Madori suka bunƙasa a gefen dogo. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano ta riƙa bi zuwa teku.

Dalar gyaɗa, wadda ta zama tambarin arzikin Arewa, asalinta gazawar jirgi ce. Layi ɗaya ne siriri, kawunan jirgi da taragai sun tsufa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ga amfanin gona yana ƙaruwa kowace shekara. Abin da ba a kwashe ba dole a tara shi a fili. Leburori kan fara jera buhuna a faffaɗan gindi mai kusurwa huɗu, kowane sahu ya ɗan shige ciki fiye da na ƙasansa, har gefen ya zama matakala. Ta nan mutum zai hau da buhu a ka, gumi na zuba, ya sauke a inda mai jeri ya nuna masa, ya sauko ya ɗauki wani. In an kai tsini sai a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. Babbar dala kan ci buhu wajen 15,000, wata kuma takan shekara tana jiran tarago, ƙwari na ɓarna a ciki.

Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashi, tana saye ta hannun wakilai masu lasisi. Ribar da ta riƙa tarawa, wato bambancin kuɗin da aka ba manomi da wanda aka sayar a waje, da ita gwamnatin Jihar Arewa ta yi makarantu da hanyoyi da masana'antu da dama. Gumin manomi ne ya biya, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa ba in ana yabon ayyukan. A farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Faɗuwar ta zo a jere. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye abin da aka shuka, kuɗin man fetur kuma suka janye hankalin gwamnati daga noma. Farashin hukuma ya kasa na kasuwa, manoma suka koma sayar wa matan da ke matsar mai da injinan mai na cikin gida. Kafin ƙarshen shekarun 1970 fitar da gyaɗa ya tsaya, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986. Jirgin ma ya rasa kayansa ga tireloli. Har yanzu ana noman gyaɗa sosai a Kano da Jigawa da Katsina da maƙwabtansu, amma kusan dukkanta a cikin ƙasa ake cinye ta, kuma a mota take zuwa kasuwar Dawanau.