Titin Fordham: Yadda Kyamara Ta Karɓi Aikin Bindiga

Titin Fordham yana cikin unguwar Bronx, a arewacin birnin New York na ƙasar Amurka. Ya taso daga bakin kogin Harlem ta yamma, ya ratsa kasuwa mai cunkoso, sa'an nan ya shiga tsakanin manyan lambuna biyu, watau lambun shuke-shuke ta arewa da gidan namun daji ta kudu. Daga nan sai ya haɗu da titin Pelham Parkway, wanda ya nufi bakin teku. A wannan hanya da kewayenta ne aka yi wani muhimmin sashe na tarihin ɗaukar hoton tsuntsaye, sana'ar da ta taimaka wajen hana su ƙarewa.

A ƙarshen ƙarni na 19 matan Turai da Amurka suna yayin ƙawata hulunansu da gashin tsuntsu. Wannan ciniki ya taɓa ƙasar Hausa ma, domin fatake sun riƙa kai gashin jimina daga Kano zuwa Tarabulus ta cikin Sahara, daga can kuma a wuce da shi Turai. A Amurka kuwa abin ya fi shafar wasu fararen tsuntsaye dangin balbela, masu zama a fadamu da bakin teku. Gashinsu na ado ba ya fitowa sai lokacin da suke ƙyanƙyasa, saboda haka in maharbi ya kashe iyaye, 'ya'yan sai su mutu da yunwa a cikin sheƙa. A shekarar 1886 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya bi titunan New York yana ƙidayar hulunan mata. Cikin huluna 700 ya tarar 542 suna ɗauke da gashin tsuntsu, na iri-iri har 40.

Masana ma a lokacin da bindiga suke nazari: a harbo tsuntsu, a feɗe, a ajiye fatarsa. Ɗaukar hoto kuwa aiki ne mai wuya. Kyamarar akwati ce mai nauyi, kuma a kan faranti na gilashi hoton yake fita. Sai mutum ya kafa 'yar bukka kusa da sheƙa, ya shiga ya zauna shiru sa'o'i da dama kafin tsuntsu ya saki jiki da shi. Duk da haka a 1900 Chapman ya buga littafi a kan nazarin tsuntsaye da kyamara. A wannan shekara ce kuma ya kawo shawarar a bar gasar harbi da aka saba yi ranar Kirsimeti, a maye gurbinta da ƙidayar tsuntsaye. Mutum 27 suka fara ta, kuma har yanzu ana yin ta kowace shekara.

An buɗe gidan namun daji na Bronx ran 8 ga Nuwamba 1899, da dabbobi 843. Shugabansa na farko William Hornaday ne, aka ba wani saurayi, William Beebe, aiki a sashen tsuntsaye, Elwin Sanborn kuma ya zama mai ɗaukar hoton gidan shekaru masu yawa. Daga ofishinsa na gefen Titin Fordham Hornaday ya yi ta yaƙi da 'yan kasuwar gashin tsuntsu. A 1913 ya buga littafi a kan namun dajin Amurka da suke ɓacewa, kuma a shekarar nan aka kafa dokar hana shigo da gashin tsuntsayen daji cikin ƙasar. Sai dai tarihinsa yana da babban tabo: a 1906 ya sa an nuna wa 'yan kallo wani mutumin Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai, abin kunyar da hukumar gidan ta nemi gafara a kansa a 2020.

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Labarin kisan tsuntsaye ya daɗe a jaridu, amma hoto ne ya kai shi idon mutanen birni. A 1906 wani mutumin Ostareliya, Arthur Mattingley, ya ɗauki hotunan 'ya'yan tsuntsaye suna jiran iyayen da aka harbe, aka yi ta nuna su a Ingila. A Amurka kuma hotunan da William Finley da Herman Bohlman suka ɗauka a wasu duwatsu na bakin tekun jihar Oregon sun taimaka wajen sa Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe wurin a 1907. A 1918 aka kafa babbar dokar kare tsuntsaye masu ƙaura.

To, doka ba ta isa ba sai an sami masu lura. A 1924 wasu samari tara suka kafa ƙungiyar kallon tsuntsaye ta Bronx. Sukan bi dajin da ke gefen kogin Bronx, su gangara gaɓar teku a gandun Pelham Bay, suna koyon gane tsuntsu daga nesa ba tare da an kashe shi ba. Ɗaya daga cikinsu, Allan Cruickshank, ya kama aiki da ƙungiyar Audubon mai kare tsuntsaye a 1935, ya zama mai ɗaukar hotonta, kuma a 1942 ya buga littafi a kan tsuntsayen kewayen New York. Wani kuma da ya shiga cikinsu daga baya, Roger Tory Peterson, ya fitar da littafin gane tsuntsaye a 1934, wanda ya yi zanensa da hannunsa.

Gaɓar tekun da suka yi karatu a kanta ita ma ta fuskanci hatsari, domin hukumar birni ta riƙa zuba shara a wani sashe nata. Mutane suka tashi tsaye, har a 1967 aka keɓe fadamun wurin da tsibirin Hunter don namun daji. Yau da bazara ana ganin fararen tsuntsayen nan suna kiwo a fadamar, masu kyamara suna ɗaukarsu.

Wannan tarihi ya shafi ƙasashen Afirka ta Yamma. Jimina ta yi wuyar gani a dajin ƙasar Hausa, kuma fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai suke sauka da rani, suna fama da ƙarancin ruwa. Kyamarar da Chapman ya sha wahalar ɗauka yanzu tana cikin wayar hannu. Hoton shamuwa ko gauraka, in an rubuta rana da wurin da aka ɗauke shi, shaida ce da masana da hukuma za su iya aiki da ita.